Iska Kyauta Ce

Ranar da Zvonko ya sa hannu a takarda
a ofishin dillali, bakin gaɓar Murter,
ya ce, "Dubravka, saki fuskarki.
Mota mai take sha, jirgin nan iska yake sha,
iska kuwa kyauta ce."
Yuro dubu casa'in.
Na sayo sabon littafi, na ja layi da jan biro.

Tun ba a kwance igiyar farko ba
dillalin ya faɗa, da dariya a bakinsa,
wai kashi goma ya riga ya zube a ruwa.
Ni ban ji ƙarar faɗuwarsa ba.
Haka darajar jirgi take tafiya,
gishiri ce a miya, ba ka ganin narkewarta.

Sai hayar wurin ɗauri, da mita ake aunawa,
shi yana barci, mu muna biyan kuɗin gado.
Inshora a Maris, haraji a Afrilu.
Sanyi ya kawo kai, a ɗaga shi sama da inji,
Frane ya shiga ƙarƙashi yana kankara,
ya ɓamɓare ƙumba da gansakuka,
ya shafa fenti mai guba gwangwani uku.
Baɗi war haka ƙumban sun dawo da jikokinsu.

Teku ba ta sata da dare, a gabanka take ci.
Ta ci ƙusa, ta ci waya, ta ci batir biyu,
ta lashe ƙarfen da aka rantse mana ba ya tsatsa.
Shekara ta shida rana ta toye filafilan,
ɗinki ya saki kamar na tsohon zani.
Ta takwas, injin ya yi tari uku a mashigin Kornati
ya yi gum.
Wannan shafin har bayansa na cika.

Shekara goma sha ɗaya, gwiwa ta ƙi tsani.
Wata bakwai allon sayarwa na lilo, ba mai tayi,
haya kuwa ba ta san jira ba.
Sai ga yara biyu daga Graz, Severin da Annika,
suna ƙwanƙwasa cikinsa kamar masu sayen kankana.
Dubu talatin da takwas, in ji su.
Zvonko ya daɗe yana kallon ruwa.
Ya ce, "Butar shayin ma ku riƙe."

Daren nan na zauna a kicin na haɗa jimla.
Abin da ya narke, da abin da aka ciyar:
dubu ɗari da hamsin da ɗaya.
Na ƙirga kwanakin da muka fita da gaske,
ban da na gyara, ban da na jiran iska ta lafa.
Ɗari biyu da goma.
Kowace rana Yuro ɗari bakwai da 'yan kai.

Har da ranar da na yi ta amai a bokiti.
Har da ranar da anga ta maƙale, muka yi faɗa.
Har da asubar nan a bayan Žut,
ruwa lumui, ba motsi,
shi yana feraye lemo da wuƙar igiya,
yana ba ni labarin uwarsa da bai taɓa ba ni ba
a shekara talatin na zama ɗaki ɗaya.
Ita ma ɗari bakwai.
Na riƙe biro a kanta har shayina ya huce,
ban san ko tsada zan rubuta ko araha ba.

Ya leƙo ya ce, "Nawa?"
Na ce, "Je ka kwanta."

Da safe muka je miƙa makulli.
Ina ji Severin na ce wa matarsa wani abu,
hannunsa na nuna sama, yana dariya.
Ba na jin Jamusanci, amma na gane zancen.
Na buɗe jaka na ba Annika sabon littafi,
na haɗa mata da jan biron.